Jar Tawada

Hadari ya haɗo ta wajen Dakata,
ni kuwa ina Fagge, a bayan injin Malam Ubale,
ina jera shafin Yuni na kalandar baɗi.
An ɗauke wuta tun azahar.
Jar tawada saura ta gindin gwangwani.
Ya ce: "Tasi'u, yi tsimi.
Ranar da gwamnati ta ce ja ce, ita kaɗai ce ja."

Na ɗiga ja a kan sha biyu.
Ni na ɗiga, amma hannunsa ne ya yi rawa.
Ya ce ran nan a buɗe ya bar shago,
ya bi layi a firamaren unguwarsu,
rana na dukan ƙeya,
ba wanda ya tambayi na gabansa
garin da aka yanke wa ubansa cibi.
Kwana goma sha ɗaya kunnensa na jikin rediyo,
sai aka ce an soke.
"Shuka muka yi," in ji shi,
"aka hana ta ruwa ana tsakar damina."

Sauran ranakun baƙaƙe ne, sahu-sahu,
kamar ba abin da ya taɓa faruwa a cikinsu.
Shi ko tsohon, yatsa yake bi da su
yadda manomi ke bin kunya.

Ya tsaya a sha shida.
"Nan yara suka fita a Soweto da kayan makaranta,
suka ce ba za a ɗura musu harshen mai bulala ba.
Wasu takalmansu kawai aka mayar gida."

Sha tara bai yi saurin magana ba,
sai da ya ɓare goro.
"A Teksas aka ce wa bayi: kun 'yantu.
Labarin ya shekara biyu da rabi a hanya.
Ka lissafa mini audugar da aka tsinka
tsakanin faɗa da ji,
ka gaya mini aljihun da ta shiga."

Na ce, shida ga wata fa?
Ya ce samari ne a gaɓar Faransa,
da yawansu ba su taka busasshiyar ƙasa ba.
Bai ƙara ba. Ya tofar da goron.

Ana haka Iya Kyauta ta leƙo da bokitin awara,
iska na finciko mata mayafi.
Ba ta karatun boko, amma ta san lamba.
Ta dangwala yatsa mai maiƙo a kan tara:
"Wannan fa? Me ya sa ba ta yi ja ba?
Ran nan aka sa kwaɗo a ƙofar masaƙa a Bompai.
Maigidana ya dawo da kwanon abincinsa bai buɗe ba.
Kashegari na sayi wake a bashi.
Da wannan bokitin 'yata ta zama malamar asibiti.
In ba tarihi ba ne, ku faɗa mini sunansa."

Malam Ubale ya dubi gwangwani,
ya dube ni,
ya juya baya yana neman abin da bai ɓata ba.

Na kankare gindin da farce.
Abin da ya fito bai kai ƙwayar gero ba.
Na ja takarda ɗaya daga cikin dubu biyu,
na shafa wa tara.

Sai ruwa ya goce.
Kwanon rufinmu yana da ƙofa daidai teburi,
mun daɗe muna cewa za a liƙe.
Ɗigo ɗaya ya faɗo a kan taran Iya,
jan ya kama tafiya,
ya shiga goma, ya gangara sha shida,
ya ɗan taɓa gefen sha bakwai,
ranar da ba wanda ya ba mu labarinta tukuna.

Iya ta naɗe takardar ta cusa a ƙarƙashin mayafi,
ta ce awarar jiya ba mu biya ba.